Kilishin da ya yi fumfuna a Zangon Kwatano

Kwana huɗu kacal kilishin ya yi a Kwatano ya lalace. A Kano na saye shi ana gobe zan taso, mai kilishin ya naɗe mini shi a takarda kamar yadda aka saba, ni kuma don tsabar tattali na ƙara zura shi a baƙar leda na ƙulle bakinta tamau. Tsarabar kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe da zama a unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin. Daren da na isa aka buɗe, kowa ya ɗan taɓa, aka daɗe ana hira yana shimfiɗe a faranti, sannan aka mayar da shi leda aka ƙulle. Da muka sake buɗewa ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci, sai ga shi ya yi laushi kamar tsumma, farar fumfuna ta feso a gefe-gefensa.

Kunya ta kama ni. Kawu kuwa dariya ya yi. "Ɗana, ai nan ba Kano ba ne. Iskar garin nan ruwa ce. Ka bar shi ya sha, sannan ka rufe masa ƙofa."

Gaskiyarsa. Kwatano na zaune ne tsakanin teku da tafkin Nokoué, kuma yawancin shekara danshin iskarta kan haura kashi 80 cikin 100, alhali a Kano lokacin hunturu yakan sauko ƙasa da kashi 20. Kilishi kuwa ba abin da ke tsare shi kamar bushewa. Gishiri da yaji na taimakawa, amma rashin ruwa ne ke hana fumfuna da ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Da zarar ya zuƙi laima, ledar da na zaci kariya ce sai ta koma ɗakin da ke riƙe masa ita.

Wannan 'yar asara ce ta sa sauran kwanakin da na yi a Zango idona bai sauka daga kan abin da ake naɗe abinci da shi ba.

Da asuba mai koko ke fara fitowa. Tana ɗebo shi da ludayi yana tururi, ta tsiyaya a farar leda marar kauri, ta murɗa bakin ta ƙulle kafin ka ƙifta ido. Ƙosai daga cikin mai sai mataci, daga mataci sai leda. 'Yan acaɓa, waɗanda a nan ake kira zemijan, masu rawayar riga, su ne manyan masu saye: mutum ya rataya ledarsa a kan babur ya wuce. Da yamma kuma mahauta su hura wuta, ƙamshin tsire da balangu ya cika layin da ke kusa da babban masallaci. Mutanen gari cacanga suke ce wa gasasshen naman, kuma sana'ar ta daɗe a hannun Hausawa. Shi nama a takarda ake naɗe shi, sau da yawa takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka yayyanka, sannan a jefa ƙunshin a leda, wadda wasu a nan ke kira sashe da Faransanci.

Abin mamakin shi ne, a dokance wannan leda haramtacciya ce. Majalisar dokokin Benin ta amince da doka a watan Nuwamban 2017, Shugaba Patrice Talon ya sa mata hannu ranar 26 ga Disamba, lambarta 2017-39. Ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da ma amfani da ledar da ba ta ruɓewa, tare da tanadin tara da ɗauri, aka kuma bayar da wa'adin watanni shida kowa ya shirya. Ba Benin ce ta fara ba. Ruwanda ta yi tata tun 2008, Nijar a 2014, Kenya a 2017, ita kuma Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Amma abin da na gani da idona a Zango shi ne leda na nan daram, a hannun babba da yaro, da cikin kwata.

Ba raina dokar nake yi ba. Kwatano gari ne shimfiɗaɗɗe, kusan daidai da bakin teku, ruwa ba ya samun gangaren gudu, kuma damina biyu ake yi a shekara. Wanda ya taɓa ganin an buɗe lambatu an zaƙulo abin da ke ciki ba ya buƙatar wa'azi. Wani mahauci ma ya gaya mini ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yana fasa tumbin rago ya tarar da dunƙulen leda. Matsalar dai an hana abu ne ba a miƙa wa mai koko abin da za ta riƙe a madadinsa ba. Da na taɓa wa wata Hajiya mai koko zancen, ko ɗagowa ba ta yi ba. "To Malam, a tafin hannu zan zuba musu?"

A gidan kawu akwai 'yarsa, ƙanwata, mai karatun fasahar sarrafa abinci a jami'a. Ita ce ta ce in daina dogon surutu, in zo in ga abin da masana ke ta fama da shi a ɗakunan bincike, domin rabinsa ana iya gwada shi a madafa. Ta sayo sitacin rogo a kasuwar Dantokpa, ta dama cokali biyu a ruwa, ta ɗiga gilisarin da ɗan ruwan tsami, ta ɗora a wuta tana juyawa har ya yi yauƙi ya koma garai-garai. Ta tsiyaya a faffaɗan faranti, muka ajiye ƙarƙashin fanka. Kwana biyu ya ɗauka kafin ya bushe, saboda laimar garin. Da ta ɓanɓaro shi kuwa, wallahi leda sak: ana ganin hannu ta cikinta, tana lanƙwasuwa, har da ɗan sheƙi.

Ta ce, "Yaya, ka san yanar da ke kwanciya a saman kunu in ya huce? To ita ce wannan, an dai yi mata gata."

Bayanin da sauƙi. Ledar da muka sani da sitaci duk dangi ɗaya ne, abin da masana ke kira folima, wato dogayen sarƙoƙi na ƙananan ƙwayoyi masu maimaita kansu. Sarƙar leda daga man fetur aka samo ta, ba ta shiri da ruwa, shi ya sa take riƙe koko, shi ya sa kuma take shekaru a ƙasa ba ta ruɓe ba. Sarƙar sitaci kuwa ko'ina a jikinta akwai gurbin da ruwa ke maƙalewa. Wannan ne ya sa ƙasa ke cinye ta cikin ɗan lokaci, kuma wannan ne rauninta.

Mun gani da idonmu. Muka yi 'yar jaka da ita, muka zuba koko mai zafi. Ban gama ƙirga ashirin ba ta saki, kokon ya malale a faranti. Wani yankin da muka bari a kan tebur ya kwana, da safe ya yi danƙo yana manne wa yatsa. Ƙanwata ta ce in da a Kano ne da hunturu, akasin haka za mu gani: zai bushe ya riƙa karyewa.

Daga nan ne maganar gauraye ta taso, wadda ita ce zuciyar binciken da ake yi a duniya yanzu. Tun da abu ɗaya ba ya iya aikin duka, sai a haɗa da dama, kowane da nasa aiki. Don hana ruwa, ana shafa kakin zuma ko wani mai, ana barbaɗa yumɓu mai laushin gaske wanda ke jeruwa cikin fallen kamar tubali har tururi ya rasa miƙaƙƙiyar hanyar wucewa, ana kuma dafa sitacin da sinadarin tsamin lemo domin ya ɗinke sarƙoƙin da juna su daina kumbura. Wasu kuma na haɗa shi da wata folima mai ruɓewa da ake yi daga sukarin masara ko rake, wadda ake kira PLA.

Mun gwada kakin zuma, tun da shi ne a kusa. Ta narkar da shi ta shafa wa sabon falle. Ruwan sanyi ya tsaya a kai ɗigo-ɗigo kamar a ganyen gwaza, har muka fara murna. Da aka zo kan koko sai murna ta koma ciki, domin kakin zuma na narkewa da zafin da bai wuce digiri 62 zuwa 64 ba, koko kuwa daga tukunya ya fi haka. Ita ma PLA tana fara saki a wajen digiri 60. Kafin wani ya ce to ai gara tsohuwar leda, ya tuna siririyar leda na narkewa a wajen digiri 110, man suya kuwa yakan kai 170 zuwa 180. Duk wanda ya taɓa ganin leda ta yamutse a jikin ƙosai ya san ba don abinci mai zafi aka yi ta ba.

Ɓangare na biyu, na kashe ƙwayoyin cuta, shi ya fi jan hankalina, saboda kayan aikinsa na zube a Kwatano ana zubarwa. A ɓawon jatan lande da na kaguwa akwai wani sinadari, kaitin, wanda wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya fara ganowa a 1811, a jikin naman kaza. Idan aka sarrafa shi sai ya zama kaitosan. Shi kaitosan in ya samu ɗan tsami yakan ɗauki cajin lantarki mai kishiyantar wanda ke jikin fatar bakteriya, sai ya manne mata ya ɓata ta, abin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye. Yana kuma hana wasu nau'o'in fumfuna yaɗuwa. Benin kuwa ƙasar jatan lande ce. Daga tafkunan Nokoué da Ahémé ake kamo shi, har Turai ake kai shi kafin ƙasar ta dakatar da fitarwa a 2003 saboda ƙa'idojin tsafta na Tarayyar Turai, kuma ko da aka ɗage dakatarwar a 2005 kasuwar ba ta koma yadda take ba. Rogo ma akwai shi, kimanin tan miliyan 4 a shekara, ga maƙwabciya Najeriya da ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya.

Da Kawu ya ji ana maganar ɓawon jatan lande a jikin abinci, tambayar da ya fara yi ita ce ta halacci. Tambaya ce mai kyau, kuma duk mai son sayar da irin wannan kaya a Zango sai ya amsa ta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ya fito daga ruwa halal ne, don haka kaitosan bai da matsala ta nan. Inda za a yi hattara shi ne jelatin, wanda shi ma ana yin irin wannan falle da shi, kuma kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga fatar alade ake samo shi. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande, dole a rubuta musu a jiki.

Ban da kaitosan, ana zuba man kanumfari ko na kirfa, waɗanda aka tabbatar suna kashe ƙwayoyin cuta. Ga tsire wannan ba laifi, ƙamshin ma ya dace. Ga nono ko fura kuwa, wa ke son su da warin maganin haƙori? Wasu masu bincike na amfani da ƙananan ƙwayoyin azurfa ko na tutiya da ido ba ya gani. Suna aiki sosai, sai dai tambayar ita ce nawa ne daga cikinsu ke ratsawa cikin abinci. A Tarayyar Turai ba a yarda a sa irin waɗannan a robar abinci ba sai an tantance kowanne an ba shi izini. A Benin akwai hukumar kula da lafiyar abinci, ABSSA, kuma irin wannan aiki ne zai hau kanta ranar da kayan suka fara shigowa ta tashar jiragen ruwa, wadda ba ta da nisa da Zango.

Me ya sa ake wannan wahala? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa. A yankin Afirka kaɗai, miliyan 91 ke kamuwa, 137,000 na rasuwa. Ƙwayar bakteriya in ta samu ɗumi da danshi tana iya ninkuwa duk minti 20, kuma ƙullalliyar leda mai ɗauke da abinci mai ɗumi, gumi na tsattsafowa a cikinta, ta haɗa duka biyun.

Amma a nan ne nake ganin ana zuzuta abin fiye da kima. Fallen da ke kashe ƙwayoyin cuta yana aiki ne a inda ya taɓa kawai. Zai iya kare saman nama ko na cuku, ba zai shiga tsakiyar koko ko shinkafa ba. Haka kuma akwai ƙwayar da ke zaune a fatar mutum da hancinsa, wadda in ta yaɗu a abinci takan bar dafin da ko sake dafawa ba ya kashe shi. Wanda ya karɓi kuɗi da hannu, ya yanka nama da shi, ya hura leda da baki don ta buɗe, babu fallen da zai wanke masa wannan. Kuma na ga ana hura ledar da baki, ba a Kwatano kaɗai ba, har a Kano.

Akwai wani tarko kuma. Duk yadda ka ƙara wa falle ƙarfin jure ruwa, haka kake rage masa saurin ruɓewa, tun da ruwa ne ke buɗe wa ƙwayoyin ƙasa hanyar cin sa. PLA ba ta ruɓewa a kwata ko a bola yadda mutane ke zato, sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 58. Akwai ma ledar da ake rubuta wa "mai ruɓewa" alhali tsohuwar ce aka sa wa sinadarin da ke sa ta farfashe ƙanana-ƙanana. Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da zaman Zango ya nuna mini, wanda ban cika gani a rubuce-rubucen da ƙanwata ta nuna mini ba, shi ne leda ɗaya ce ke yin ayyukan da ba su da alaƙa da juna, kuma magajinta ba zai zama ɗaya ba. Kilishi na son abin da zai hana laima da iska shiga, a like shi tun daga inda aka yi shi, a ƙananan ƙunshi yadda in an buɗe za a cinye. Tsire mai zafi akasin haka yake so: tururi ya fita, mai kada ya ratso. Abin daɗin shi ne sitaci da kaitosan, duk da rauninsu a gaban ruwa, gwanaye ne wajen tare mai. Ke nan takarda mai tsafta da aka shafa wa siririn kaitosan ko sitaci za ta iya maye gurbin takardar siminti da tsohuwar jarida mai tawada, ba tare da jiran wani sabon bincike ba. Indiya ta riga ta hana naɗe abinci a jarida saboda tawadar. A ganina nan ya kamata a fara, a gaban tukubar mahauci.

Sai wagashi, cukun Fulani da Benin ta yi suna a kai, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi. Daga arewa ake kawo shi, wajajen Parakou, kuma ba ya wuce 'yan kwanaki in babu firji, shi ya sa masu sayarwa ke sake tafasa shi kullum. Lalacewarsa daga sama take farawa, daidai inda shafin kaitosan ke iya aiki. In akwai abincin da wannan fasaha za ta ƙara wa kwana, ta kuma ƙara wa matan Fulani riba, to shi ne.

Ganye ma bai mutu ba. A Kwatano akwai matan da sana'arsu ke nan, sayar da ganyen naɗe abinci ɗauri-ɗauri: na ayaba, na itacen tik, da wani faffaɗan ganyen fadama da ake naɗe akasa da shi, wato agidi. Masu bincike a Jami'ar Abomey-Calavi sun yi nazari a kan ire-iren waɗannan ganyaye. A cikinsu ake dafa abinci, ba sa narkewa, akuya ta ci ta ƙoshi lafiya. Sai dai ba a ƙulle ruwa a ganye, kuma yana bushewa ya yage.

Koko fa? Na juya abin ta kowace fuska, ban ga fallen da zai riƙe ruwa mai zafi da tsami, ya ƙullu da hannu ɗaya, ya jure rataya a babur, ya ruɓe a kwata, sannan ya yi arhar da mai sayar da kokon dala goma za ta bayar da shi kyauta ba. Kuɗin ma kaɗai ya isa ya kashe maganar: in mazubin ya ci dala biyu, kashi ɗaya cikin biyar na cinikin ya tafi. Muna yara da kwano ake aikenmu sayen koko, mai murfi, a dawo a wanke. Na faɗa wa Hajiya haka. Ta ce ita ma ta fi son kwano, ko ba komai ta huta da ƙona yatsu, amma in je in shawo kan 'yan zemijan su riƙa yawo da shi.

Ranar da zan taso, matar kawu ta sayo wagashi guda uku tsarabar mahaifiyata. Ta sake tafasa su da gishiri, ta bari suka tsane, ta naɗe kowanne a ganye. Sannan ta ɗauko baƙar leda ta zura su ciki, don kada su jiƙa mini tufafi. Ƙanwata ta dube ni, na dube ta, ba wanda ya ce uffan.

"Kada ka ƙulle bakin," in ji matar kawu. "In ka sauka Legas ka nemi inda za a ƙara tafasa maka su kafin ka hau motar Kano."

A kan cinyata na riƙe ledar har iyakar Seme, bakinta a buɗe.